Shafin Likita: Jinyar Wanda Aka Ce A Koma Da Shi Gida

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan fitowar, kuma ko da yake marubutansu ba su san juna ba, damuwarsu ɗaya ce: suna da mara lafiya wanda ciwonsa ya yi nisa, likitoci sun ce babu sauran maganin warkarwa, su kuma sun rasa yadda za su yi da shi tsakanin yau da ranar da Allah Ya nufa. Wannan fanni ne mai zaman kansa a ilimin likitanci, yana da masanansa da bincikensa, kuma a nan zan riƙa kiran sa jinyar sassauci, wato jinyar rage wa mara lafiya zafi da wahala. Kamar kullum, na sakaya sunaye, na kuma taƙaita wasiƙun.

TAMBAYA: Likita, mahaifiyarmu ta shekara biyu tana fama da sankarar mama. An yi mata aiki, an yi allurai, yanzu an ce ciwon ya shiga ƙashin bayanta, aka sallame mu tare da kwalbar ruwan mofin, maganin kashe zafi mai ƙarfi, da aka ce a riƙa ba ta kowace awa huɗu. Babban yayanmu ya hana, ya ce wannan ƙwaya ce irin ta 'yan shaye-shaye, kuma ya ji an ce ita ake ba mutum don a gaggauta tafiyarsa. Ya ce sai dai idan ta yi kuka sosai a ba ta. Inna ba ta barci, mu ma ba ma yi. Wace magana ce gaskiya? Daga wata 'yar'uwa a Funtuwa.

AMSA: Malama, sannunku da jinya, Allah Ya ba Inna sauƙi, Ya saka muku da alheri. Tsoron yayanku ba daga sama ya faɗo ba. Duk wanda ya ga abin da tiramadol da kodin suka yi wa matasanmu, har gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi a 2018, dole ya ɗaga gira idan aka miƙo masa kwalbar da ta fi su ƙarfi aka ce ya ba mahaifiyarsa. Sai dai a wannan karon tsoron ya sauka a inda ba muhallinsa ba, kuma Inna ce take biyan kuɗinsa da dare.

Tsarin nan na awa huɗu yana da asali. Wata Baturiyar Ingila mai suna Cicely Saunders, wadda ta fara aiki a matsayin nas kafin ta koma ta karanci likitanci, ta lura cewa a asibitocin zamaninta ana jira ne sai mai ciwon ajali ya yi kururuwa sannan a yi masa allura, ya yi barci, ya farka cikin azaba, a sake jira. Ta bi marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya tana rubuta abin da ta gani, har da ɗaukar muryoyinsu a kaset, ta nuna cewa idan aka ba da maganin ta baki a kan lokaci, kafin zafin ya dawo, mutum yana zama a farke, cikin hankalinsa, yana hira da iyalinsa. A 1967 ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin wannan fanni na zamani. A 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan darasi ƙa'ida ga masu ciwon daji: a ba da magani ta baki, a ba da shi da agogo, a kuma hau da shi mataki-mataki, daga irin su farasitamol zuwa masu ƙarfi, gwargwadon zafin ciwon.

Dalilin agogon kuwa mai sauƙi ne. Ruwan mofin yana aiki na kimanin awa huɗu ne a jiki, sannan ƙarfinsa ya sauka. Idan aka jira sai Inna ta yi kuka, to an bar wutar ta kama ɗaki kafin a ɗebo ruwa, kuma a lokacin sai an yi amfani da magani mai yawa kafin ta lafa. Bayan haka akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Dattijuwar Bahaushiya ba ta yin kuka a gaban 'ya'yanta da surukanta sai abin ya wuce misali. Ka tambaye ta yaya jiki, ta ce da sauƙi, alhali ta kwana tana cizon gefen zaninta. Wanda ya ce zai auna ciwon irin wannan uwa da kukanta ya riga ya makara. A wuraren jinyar sassauci na ƙasashen Afirka da dama ana amfani da yatsun hannu: dunƙulallen hannu yana nufin babu ciwo, yatsu biyar a buɗe yana nufin ciwon da ba a taɓa jin irinsa ba. Ki zauna kusa da ita ku biyu, ki roƙe ta ta nuna miki da hannu, safe da yamma, ki rubuta a takarda ki kai wa likitan. Sau da yawa yatsu suna faɗin abin da kunya ta hana baki.

Batun gaggauta mutuwa shi ne ya fi nauyi, don haka zan faɗa a fili. Masu bincike sun sha bin bayanan marasa lafiya da ke gidajen jinya, suna kwatanta waɗanda aka ƙara wa mofin a kwanakinsu na ƙarshe da waɗanda ba a ƙara wa ba, kuma ba su sami shaidar cewa maganin, idan an fara da kaɗan aka riƙa ƙarawa daidai da zafin ciwo, yana rage kwana ba. Abin da ya haifar da jita-jitar shi ne mu kanmu ma'aikatan lafiya mun daɗe muna ɓoye mofin sai mutum ya kai gargara, a ba shi yau ya cika gobe, dangi su ce allurar ce ta kashe shi. Haɗarin gaske yana nan a inda aka ba da adadi mai yawa lokaci guda ga wanda jikinsa bai saba ba, ko aka haɗa shi da ƙwayoyin barci ba da sanin likita ba, ko kuma ƙodar mara lafiyar ta lalace ba a rage masa ba. Saboda haka a tsaya a kan ma'aunin da aka rubuta, da sirinjin awo ko cokalin da aka bayar, kuma idan aka ga barcin ya yi nauyin da ba a iya tashin ta, ko numfashi ya ja baya sosai, a dakata a nemi likita nan take. Kamuwa da jarabar magani, irin wadda yayanku yake gani a bakin tasha, abu ne da ba a cika samun sa ba ga mai ciwon daji da ya yi nisa wanda yake sha don zafi a ƙarƙashin kulawa. Wanda ya kamata a ji wa tsoro shi ne lafiyayyen yaron gida, don haka a kulle kwalbar, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya.

Ku sa ran gyangyaɗi da ɗan tashin zuciya a kwanakin farko, waɗanda yawanci suke wucewa cikin 'yan kwanaki. Taurin bayan gida shi ne ba ya wucewa, kuma shi ne abin da aka fi mantawa da shi. Duk wanda aka ɗora a kan mofin yana bukatar maganin sassauta ciki tun daga ranar farko, kuma ɗaya daga cikin waɗanda likitoci suka fi rubutawa ana yin sa ne da ganyen dangin filasko da kakanninmu suka sani. Ki kuma tambayi likitanta ko za a iya yi wa wurin da ya kama a ƙashin baya gashi, wato wanda ake yi da na'urar haske a asibiti, domin gashi ko da sau ɗaya ne yakan rage zafin ƙashi ga mutane da yawa. Idan ƙafafunta suka fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi fita, wannan ba abin jira ba ne, a koma asibiti a ranar.

Wata damuwa da ba ki rubuta ba, amma na saba jin ta a bakin iyalai, ita ce kada magani ya gusar da hankalin mutum ya hana shi cikawa da kalmar shahada. Na taɓa kula da wani dattijo mai sankarar mafitsara wanda 'ya'yansa suka ƙi mofin saboda wannan dalili. Mako biyu yana kwance a kan gefe ɗaya, ya dunƙule, ba ya iya amsa sallama. Da aka shawo kansu aka fara ba shi, a rana ta uku na iske shi an jingina shi da matashi, ya yi taimama, yana sallar la'asar a zaune, bayan ya idar kuma ya sa aka kira masa ƙaninsa ya lissafa masa bashin da ake bin sa na wasu buhunan masara. Azabar ce ta ɗauke masa hankali tun farko. Ki ba yayanku wannan shafi ya karanta, idan kuma da hali ku je wurin likitan tare, ya yi tambayoyinsa da bakinsa.

Ku sani kuma kwalbar da ke hannunku abu ce da miliyoyin mutane suke nema ba su samu ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke bukatar jinyar sassauci a kowace shekara, kuma kimanin kashi 14 cikin 100 kaɗai ke samu. Wani kwamitin masana da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya bayyana a 2017 cewa rabin mutanen duniya mafi talauci suna zaune ne a ƙasashen da rabonsu bai wuce kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magunguna ba. Yuganda ce ta nuna wa Afirka hanya: Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa cibiyar jinyar sassauci ta Hospice Africa a Kampala a 1993, suna dama garin mofin da ruwa su zuba a gorunan roba a kan kuɗi kaɗan, kuma a 2004 ƙasar ta yarje wa nas-nas da aka horar su rubuta shi, saboda ƙauyuka ba su da likita. A Najeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta a Ibadan suna cikin waɗanda suka fara wannan gwagwarmaya.

TAMBAYA: Likita, mahaifina yana da ciwon daji na hanta, ya rame ƙwarai, ya daina cin abinci sai kurɓin ruwa. Mahaifiyata tana yi masa ɗuren kunu yana ƙwarewa, ni kuma ina biyan wani ma'aikacin lafiya yana zuwa gida yana sa masa ƙarin ruwa kullum. Cikinsa da ƙafafunsa sun kumbura. Ina jin tsoron kada yunwa ta kashe shi a hannunmu. Daga wani magidanci a Gusau.

AMSA: Alhaji, Allah Ya ba Baba sauƙi. A al'adarmu ciyar da mara lafiya shi ne jinya, kuma matar da ta shekara arba'in tana dafa wa mijinta ba za ta iya zura ido ta ga an mayar da kwano yadda aka kawo shi ba. Amma ramar da ciwon daji ke kawowa ba irin ta yunwa ba ce. Ciwon yana sauya yadda jiki ke sarrafa abinci, yana cinye tsoka, yana kashe sha'awar ci, ta yadda ko an ɗura abincin jiki ba ya gina komai da shi. Baba yana raguwa ne saboda ciwon, rashin cin kuma alama ce daga cikin alamominsa. Ɗure ga wanda haɗiya ta yi wa wuya yana iya tura kunu cikin huhu ya jawo ciwon haƙarƙari, ga kuma ɓacin ran da ke shiga tsakanin mutane biyu masu ƙaunar juna a kwanakin da ba su da yawa.

Game da ƙarin ruwa, an yi gwaji na musamman. Dakta Eduardo Bruera da abokan aikinsa a Amurka sun raba masu ciwon daji 129 da ke ƙarshen jinya gida biyu, aka riƙa sa wa kashi ɗaya lita guda ta ruwa kullum, ɗaya kashin kuma ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, mililita 100, ba tare da marasa lafiyar ko masu duba su sun san wa ke samun me ba. Sakamakon da suka wallafa a 2013 ya nuna babu bambancin a zo a gani a gajiya, ko ruɗewa, ko jin daɗin jiki, ko tsawon kwana. Wannan ba ya nufin ƙarin ruwa ba shi da amfani ga kowa. Wanda amai ko gudawa suka tsotse, ko wanda har yanzu yake da sauran ƙarfi, lissafinsa daban ne. Amma ga mai ciwon hanta da ciki da ƙafa suka riga suka kumbura, ruwan da ake zubawa a jijiya yakan tafi ne ya ƙara kumburin, wani lokaci ya taru a ƙirji ya tsananta haki. Ina ba ka shawara ka kai wannan magana ga likitan da ya san Baba kafin a sake ɗaura wata leda.

Abin da ya fi damun masu irin wannan hali shi ne bushewar baki, kuma maganinta a baki yake. A riƙa jiƙa masa leɓe da harshe da tsumma mai tsabta, a ba shi ɗan gutsuren ƙanƙara ya tsotsa idan akwai, a shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe, a duba ko akwai ciwon baki mai fararen tabo a harshe, wanda yake da magani mai sauƙi. Abinci kuma a kawo abin da ya ambata da kansa, a ƙaramin kwano, ko da cokali biyu na fura ne, idan ya kau da kai a ɗauke ba tare da magiya ba. Ku ba mahaifiyarku aikin shafa masa mai da juya shi kowace awa biyu ko uku don gudun gyambon kwanciya, domin hannunta yana bukatar abin yi.

TAMBAYA: Mijina yana da ciwon huhu da ya daɗe, numfashi yana sarƙe masa ko daga gado zuwa bayi. Kuɗin hayar tukunyar iskar oksijin ya gagare mu. Ko akwai wata dabara? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, mataki na farko shi ne a auna iskar da ke jininsa da ɗan na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa. Idan ta yi ƙasa, oksijin magani ne a gare shi kuma babu madadinsa. Idan kuwa ba ta yi ƙasa ba, ga abin da aka gano: a wani gwaji da aka wallafa a Lancet a 2010, an ba marasa lafiya 239 a Ostireliya da Amurka da Ingila ko dai oksijin ko iskar ɗaki zalla ta bututun hanci na tsawon mako guda, kuma sauƙin da ɓangarorin biyu suka samu bai bambanta ba. Ana ganin motsin iskar a hanci da fuska shi ne ke aikin. A shekarar dai, wasu masu bincike a Ingila sun gwada ƙaramar fankar hannu a kan mutum 50, suka ga idan aka saita ta a fuska haki yana raguwa, idan aka saita ta a ƙafa ba ya raguwa haka. Ke nan maficin da ke rataye a ɗakinki kayan aiki ne. Ki zaunar da shi ya ɗan sunkuyo gaba, hannuwansa a kan matashi, ki buɗe taga, ki fifita masa a fuska a hankali, ki rage taron 'yan dubiya, ki kuma nisanta shi da hayaƙin icce da na turaren wuta. Idan hakan bai wadatar ba, mofin ɗan kaɗan yana rage jin sarƙewar numfashi, amma wannan hukuncin likitansa ne.

TAMBAYA: Likita, an gano kawunmu yana da sankarar huhu da ta bazu. Dangi sun haɗu sun ce kada a gaya masa, wai zai karaya ya mutu da wuri, an ce masa sanyi ne. Wani likita kuma ya ce a haɗa shi da masu jinyar sassauci tun yanzu, alhali ana kan yi masa allurai. Wannan ba yanke ƙauna ba ne? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Malam, shawarar likitan nan tana da madogara mai ƙarfi, kuma an yi binciken ne a kan irin ciwon kawunka. Dakta Jennifer Temel da abokan aikinta a babban asibitin Massachusetts da ke Boston sun ɗauki mutum 151 da aka gano suna da sankarar huhu da ta bazu. Dukansu an ci gaba da yi musu maganin daji kamar yadda aka saba, amma rabinsu an haɗa su da ma'aikatan jinyar sassauci tun daga farko. A sakamakon da aka buga a 2010, waɗanda aka haɗa sun fi jin daɗin rayuwarsu, alamun ciwon damuwa sun bayyana ga kashi 16 cikin 100 nasu a maimakon kashi 38 na ɗaya ɓangaren, kuma ba a cika wahalar da su da magunguna masu tsanani a makonnin ƙarshe ba. Abin da ya ba kowa mamaki shi ne matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran kuwa wata 8.9. Ba na so ka riƙe wannan a matsayin alkawari, domin asibiti ɗaya ne, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ba duka suka ga ƙarin kwana ba. Abin da suka fi haɗuwa a kai shi ne sauƙin jiki da kwanciyar rai. Bayan shekara huɗu, a 2014, babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ya nemi ƙasashe su saka wannan jinya cikin tsarin lafiyarsu tun daga matakin farko.

Ɓoyewar kuma, na fahimci niyyar dangi, amma a ganina sun raina kawu. Mutumin da yake ganin rigarsa tana yi masa yawa, yana ganin 'yan'uwa daga nesa suna ta zuwa dubiya ana fita tsakar gida ana ƙus-ƙus, ya san ba sanyi ba ne. Abin da ɓoyewa take yi shi ne ta bar shi da saninsa shi kaɗai, yana yi muku kara kuna yi masa kara. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2008 a kan masu ciwon daji 332 ya gano cewa waɗanda likita ya tattauna ƙarshen jinya da su ba su fi sauran shiga damuwa ba, kuma iyalan waɗanda aka kauce wa wahalar da su a ƙarshe sun fi samun dangana bayan rasuwa. Amurka ba Zariya ba ce, kuma a wurinmu magana irin wannan ta dangi ce gaba ɗaya. Amma kawu yana da wasiyya, yana da bashi da amanar mutane, wataƙila yana da wanda yake so ya nemi gafararsa, kuma babu wanda zai yi masa waɗannan.

Ba a cewa a faɗa masa gaba-gaɗi, kuma babu likitan da ya san ranar kowa. A sami mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, ƙaninsa ko amininsa, su zauna tare da likita a lokacin da ɗakin ba kowa, a fara da tambayarsa: yaya yake ganin jikin nan, kuma me likitoci suka ce masa? Daga amsarsa za a gane inda saninsa ya tsaya. Sai a tambaye shi ko yana so a yi masa bayanin abin da gwaji ya nuna, ko ya fi so a yi maganar da wani a madadinsa. Wasu dattawan sukan ce a gaya musu komai, wasu kuma sukan ce a yi da wane, su dai a rage musu tarin nan su samu barci. Idan kawu ya zaɓi na biyun, a tambaye shi wa ya wakilta, a rubuta sunan a katinsa na asibiti.